MU DAINA SAYEN KWAMFUTAR MOTA DA IDO



Yau maganarmu a kan allon nan take da ya zama yayi a gaban motocinmu. Ku dubi motocin da ke tsayawa bakin babbar kasuwar Maradi ranar Litinin ko Juma'a, ko waɗanda ke jigila tsakanin Maradi da Tsibiri. An cire rediyon da mota ta zo da shi, an kafa allon Android, wani inci 7, wani inci 9, wani inci 10 kamar an ɗauko talabijin daga falo. Bayan allon ga kyamara, ga na'urar bin sawu da ake ce ma GPS ko tiraka, ga 'yar na'urar duba lafiyar inji. Duk waɗannan kwamfutoci ne, ko mun kira su da sunan ko ba mu kira ba. Suna da ƙwaƙwalwa, suna da ma'ajiya, suna cin wuta, suna jin zafi, kuma suna mutuwa.

Abin da muke faɗi a fili shi ne: yadda muke zaɓen waɗannan kaya da yadda ake ɗaura mana su ya zama ɓarnar kuɗi, wani lokacin ma wasa da rai. Muna saye da ido. Tambayarmu ga mai shago guda biyu ce tak: inci nawa ne, kuma yana kunna bidiyo? Daga nan sai ciniki. Babu mai tambayar zafin da abin zai iya jurewa, babu mai tambayar wutar da yake ci, babu mai tsayawa ya ga inda za a yanke waya a jikin motar da ya tara shekaru kafin ya mallaka.

RANAR MARADI BA TA SAN TAMBARIN KAMFANI BA

Mu fara da zafi, don shi ne babban alƙalin duk wani kayan lantarki a ƙasar nan. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kan haura digiri 40. Motar da anka rufe gilasanta anka bar ta a rana kuwa, saman tabulonta na iya wuce digiri 70. Duk wanda ya taɓa kama sitiyari da azahar ya sake shi da sauri ya san abin da muke nufi.

To masu ƙera 'yan ƙananan sassan da ke cikin waɗannan na'urori sun kasa su aji-aji. Na amfanin gida da ofis an yi su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 70. Na masana'antu suna kaiwa 85. Waɗanda anka ƙera musamman don mota suna da ma'auninsu daban, ana ce masa AEC-Q100, kuma a cikinsa akwai ajin 85, akwai na 105, akwai na 125. Rediyon da Toyota ko Peugeot ta ɗaura a masana'anta, wanda muke cirewa mu jefa bayan gareji, da kayan da anka gwada don mota anka haɗa shi. Shi ya sa za ka iske motar da ta shekara ashirin rediyonta na magana. Allon da muke maye gurbinsa da shi kuwa, galibin masu arahar da kayan ƙaramar salula anka haɗa su. Ya yi sanyin hunturu lafiya, bazara na kamawa sai ya fara daskarewa, ya mutu ya tashi da kansa, taɓawa ta daina amsawa, daga ƙarshe ya yi baƙi ƙirin.

Saboda haka kafin ka dubi fuskar allo, juya bayansa. Ka ga ƙarfen alminiyam mai haƙora wanda ke fitar da zafi? In siriri ne kamar murfin gwangwani, aje musu kayansu. In yana da fanka, ka san cewa fankar nan iskar Maradi za ta riƙa zuƙa, da ƙurar hunturu da yashin hanyar Gulbi, don haka sai an riƙa buɗewa ana busawa. Kyamarar gaban mota da ake mannawa a gilas ita ta fi kowa shan rana. Mai batirin litiyam a ciki tana kumbura, don irin wannan batir ba a son a caja shi a zafin da ya wuce digiri 45. Akwai masu amfani da abin da ake kira kapasita a maimakon batir, su ne sunka dace da ƙasarmu. Mai shagon da bai san bambancin biyun ba, bai kamata ya karɓi kuɗinka ba.

WUTAR MOTA BA WUTAR ƊAKI BA CE

Ana cewa mota volt 12 take, sai mutane su ɗauka kullum a nan take tsaye. Ina! Lafiyayyen batir a kwance yana wajen 12.6. Lokacin da ka murza makulli yana iya faɗuwa ƙasa da 10. Inji na tashi dinamo ya ɗaga wuta zuwa wajen 14. Manyan motocinmu masu ɗaukar kaya kuwa volt 24 suke. Na'urar da za ta rayu a mota dole ta jure wannan hawa da sauka sau da yawa a yini.

Sannan ga wata ɗabi'a tamu da ke kashe kwamfutoci ba tare da mun gane ba. Mota na aiki, sai a cire kan batir wai a gwada ko dinamo na caji. Ko a tada mota da batirin aro, a zare shi inji na juyawa a mayar da nata. A zamanin fijo 504 da babu ƙwaƙwalwa a jikinta ana yin haka a wuce lafiya. A motar yau, batir shi ke shanye tsallen wutar dinamo. Ka cire shi inji na aiki, wuta na iya yin tsalle ta haura volt 30, a wasu tsofaffin dinamo ma ta ninka haka. Kafin ƙiftawar ido allo ya tafi, tiraka ta tafi, in an yi rashin sa'a ƙwaƙwalwar motar kanta ta bi su. Haka mai walda da ke liƙa salansa ba tare da ya cire batir ba. Gobe mai mota ya dawo yana zagin kayan Sin, alhali da hannunmu munka kashe su.

Sai fizibil, wanda 'yan'uwanmu na Katsina ke ce ma fis. Kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba, amma shi ne tsakanin motarka da gobara. Duk wayar da anka jawo daga batir dole a sa mata fizibil kusa da batirin, don in wayar ta goge da ƙarfe ta haɗu, shi zai tsinke kafin roba ta kama. Sau nawa muke ganin an jawo waya tsirara daga kan batir, an bi da ita ta ramin ƙarfe mai kaifi, an murɗa da hannu, an naɗe da salatif ɗin da rana ɗaya ke narkar da gam ɗinsa? Sau nawa fizibil ke ƙonewa a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari a mayar? Fizibil ɗin da ya ƙone magana yake yi maka, yana cewa akwai matsala a layin. Ka toshe masa baki, wuta za ta yi maganar da kanta, a kan hanya, da iyalinka a kujerar baya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

BATIRIN DA KE MUTUWA DA DARE

Da yawa cikinmu sun canza batir sau biyu a shekara suna zargin mai sayar da batir. Ku zo mu yi lissafi. A bayan allo akwai wayoyi uku da kowane mai ɗaurawa ya sani: rawaya mai wuta kullum, ja mai wuta sai an murza makulli, baƙa ta jikin ƙarfe. Mai gaggawa, ko wanda bai samo layin makulli ba, sai ya haɗe ja da rawaya wuri guda. Allo ya yi kamar ya mutu, amma cikinsa a farke yake yana tsotsa.

Motar da anka kashe bai kamata ta riƙa jan fiye da kimanin miliamfa 50 ba. A ce na'urarka na jan amfa 0.3. Cikin awa 24 ta cinye amfa-awa 7 da ɗoriya. Batirin ƙaramar mota mai 60, kwana huɗu sun isa su kai shi rabi, kuma batirin da ya sha zafin Maradi ya tsufa ba ya ma kai 60 ɗin da ke rubuce a jikinsa. Ka je Yamai kwana biyar ka dawo, mota ta ƙi tashi. 'Yar na'urar duba inji da ake barin ta a soket ɗinta ita ma haka, don ƙafa ta 16 ta wannan soket wuta gare ta dare da rana. A babur abin ya fi muni, tunda batirinsa ɗan mitsitsi ne, kuma ɗan kabu-kabu da adaidaita su ne sunka fi kowa buƙatar tiraka.

Wani zai ce mutuwar batir ai ƙaramin abu ne, a tura mota ta tashi. A cikin gari haka ne, in ma motar mai giyar hannu ce. Amma mu da muke zaune a wannan yanki mun san akwai wurare a ɓangaren Madarunfa da Gidan Runji da ba wanda ke fatan motarsa ta mutu a cikinsu bayan magariba. Mun san kuma mace mai naƙuda a Tsibiri ko Jiratawa da za a kai asibiti Maradi ƙarfe biyun dare ba ta da lokacin jiran a nemo batirin aro. Gwajin kuwa minti biyar ne: a kashe mota, a sa mita a layin batir, a karanta. Duk mai ɗaura na'urar da ba shi da mita a akwatin aikinsa, da ƙaddara yake aiki.

LAMBOBIN ƘARYA A JIKIN KWALI

Yanzu mu zo kan 'yan kasuwa. A kwali an rubuta Android 13 ko 14, ƙwaƙwalwar aiki giga 4 ko 8, ma'ajiya giga 64 ko 128. Ka shiga saitin allon, shi ma abin da zai nuna maka ke nan. To a sani, wannan rubutun ana iya canza shi kamar yadda ake canza lambar kilomita a motar da ta sha tafiya. Akwai allunan da ke iƙirarin sabon Android alhali tsoho ne anka shafa masa hoda.

Akwai hanyar kama su. Kowane Android yana da lambar ciki da ake ce ma API. Android 8.1 lambarsa 27, Android 10 lambarsa 29, na 12 lambarsa 31, na 13 kuma 33, na 14 shi ne 34. Manhajoji irin su AIDA64 suna nuna wannan lamba. In kwali ya ce 13, lamba ta ce 27, ciniki ya ƙare. Amma tunda wasu masu wayon har manhajar suna iya ruɗawa, gwajin da ba ya ƙarya shi ne aiki. A kunna allon a shago, a buɗe taswira, a kunna sauti, a haɗa salula, a bar shi rabin awa. A fito da shi hasken rana a ga ko ana iya karanta rubutunsa, don allon da ke ƙyalli a cikin shago sau da yawa madubi yake komawa da azahar. Mai kayan kirki ba ya jin tsoron gwaji. Wanda ya ce maka in an buɗe kwali an saya, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

Ga kuma abin da ya fi ba mu haushi a matsayinmu na masu saurare. Mu mutanen rediyo ne. Direbanmu da labaran safe yake fita, Anfani ko Saraounia ko Muryar Sahel na raka shi hanya. Tsohon rediyon mota na kamo tasha daga nesa, sabon allon kuwa kana wuce Tsibiri sai shuuu. Wani lokacin laifin na'urar ne, wani lokacin kuma wata shuɗiyar waya ce da ke ba eriya wuta anka bar ta tana lilo ba a haɗa ba. Mun ba da kuɗi, mun rasa abin da muke ji kullum, mun samu abin da bai kamata mu kalla muna tuƙi ba. Wannan wane irin ciniki ne?

ALMAKASHI A JIKIN JIJIYAR MOTA

Motocin da ke shigo mana daga Turai da Amurka, da ta Kwatano, yanzu kuma tun rufe iyakar Benin a 2023 galibi ta Lome, ba irin na da ba ne. A cikinsu akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, na inji, na birki, na giya, na jakar iska, kuma duk suna magana da juna ta wasu tagwayen wayoyi a murɗe. Ana ce ma tsarin CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986. Yaron da ke neman wuta da ɗan kwan gwaji, yana huda duk wayar da ya gani, in ya faɗa kan waɗannan sai ka ga fitilu sun cika tabulo, ko mota ta ƙi tashi, a yi ta yawo gareji-gareji ana canza kayan da lafiyarsu lau.

Mafi haɗari, a motoci da yawa wayoyin jakar iska da soket ɗinsu rawaya ne. Wanda anka koya masa cewa rawaya ita ce wutar kullum, ba a gaya masa wannan ba, zai iya kashe jakar da za ta ceci mai mota ranar hatsari, ko ya fasa ta a fuskarsa. Maganin wannan duka yana nan a kasuwa: soket ɗin da anka yi daidai da irin motarka, a cusa kawai ba a yanke komi ba. Ana ƙin sayensa ne don a rage 'yan jikkuna kaɗan. Araha ba ta ado.

Haka na'urar duba lafiyar inji. Soket ɗinta mai ƙafa 16, wanda ake ce ma OBD, ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma tun 2001 ga masu shan esansi. Abu ne mai amfani ƙwarai, don yana faɗin inda ciwo yake. Amma mun mayar da shi abin goge fitila. Fitilar inji ta kama, a jona na'ura, a goge, a karɓi kuɗi, mai mota ya tafi yana murna. Kwana uku ta dawo. Goge fitila ba gyara ba ne, kamar mai zazzaɓi ne ya fasa abin auna zafi ya ce ya warke.

TIRAKA: WA KUMA KE GANIN INDA KAKE?

A cikin duk waɗannan kaya, tiraka ce muke ganin ta fi cancantar kuɗin talaka, musamman mai babur da mai motar haya da ya ba direba. Amma ita ma sai an san yadda take. Taurarin GPS suna gaya wa na'urar inda take, kyauta, ko a tsakiyar daji. Sai dai kafin labarin ya iso salularka dole ya bi ta layin waya, Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom. Inda babu rezo, babu labari. In layin ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba har anka rufe shi, ƙarfe kawai kake ɗauke da shi. Kuma kowa ya san daga Maradi zuwa iyakar Ɗan Isa ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba. Abin hawan da anka sace yana iya tsallakawa kafin mai shi ya farka. Ka tambayi mai ɗaura maka: in motar ta shiga Najeriya, layin nan zai ci gaba da magana? In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Sai maganar sirri, wadda ba mu cika kula da ita ba. A watan Yulin 2022 wani kamfanin binciken tsaro na Amurka mai suna BitSight, tare da hukumar tsaron intanet ta ƙasar, CISA, sun yi gargaɗi a kan wata tiraka mai suna MiCODUS MV720. An ce na'urorin kamfanin kimanin miliyan 1.5 ne ke aiki a ƙasashe 169. Lambar sirrin da suke zuwa da ita 123456 ce, kuma an nuna cewa wani daga nesa zai iya bin sawun mota har ya yanke mata mai. Kafin nan, a 2015, wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga wata Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar na'urar rediyo da allonta, har kamfanin ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. In haka ta faru da manyan kamfanoni, ina ga na'urar da ko suna babu a jikinta?

Mu dawo gida. Wanda ya ɗaura maka tiraka, shi ya buɗe asusun, shi ya san lambar sirri, sau da yawa lambar wayarsa ce ma a matsayin mai iko. Ma'ana ya san inda motarka ke kwana, ya san ranar da kake zuwa kasuwar Jibiya da kuɗi, ya san makarantar da ake kai 'ya'yanka. Ba mu ce masu wannan sana'a ɓarayi ba ne, mafi yawansu 'ya'yan mutunci ne masu neman halal. Amma salula na ɓata, yaron shago na canza ubangida, kuma a zamanin satar mutane don kuɗin fansa wannan labari ba na bari a hannun kowa ba ne. Ka sa a yi rajistar layin da sunanka, ka canza lambar sirri a gabansa, ka sa a cire lambarsa. In akwai rele mai yanke mai, a saita shi yadda ba zai kashe inji mota na gudu ba, don injin da ya mutu a guje yana tafiya da taushin sitiyari da ƙarfin birki.

IDO ƊAYA A FIM, IDO ƊAYA A HANYA

Wannan ita ce gaɓar da ba za mu yi sassauci a kanta ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ka kalli allo daƙiƙa 4, ka yi mita 100 ido rufe, tsawon filin ƙwallo. A kan hanyar Tsibiri da Maradi, mita 100 ɗin nan akwai amalanken shanu a ciki, akwai ɗan kabu-kabu da buhunan kayan lambu, akwai 'yan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma direban da ke amfani da salula yana tuƙi haɗarinsa ya ninka kusan sau huɗu.

Abin takaici, su kansu waɗannan alluna suna zuwa da wata waya da ake haɗawa da birkin hannu don bidiyo ya ƙi kunnuwa sai mota na tsaye. Mu ne ke cewa a haɗe ta da ƙarfe, ko a kashe ta a saiti, don fim ɗin Kannywood ko kokowa ya yi ta yi ana tafiya. Fasinja kuma, maimakon ya yi magana, sai ya gyara zama ya ce a ƙara sauti. Malam direba, rayukan da ka ɗauko amana ce. Fasinja, kai ma bakinka bai ɗaure ba.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san za a ce: talaka abin da aljihunsa ya iya yake saye. Gaskiya ne. Amma wanda ya sayi allo sau biyu, ya canza batir, ya biya kuɗin neman matsalar wuta, ya kashe fiye da wanda ya sayi mai kyau sau ɗaya. In kuɗin bai kai ba, a bar rediyon asali a wurinsa, a sayi abin riƙe salula da caja mai kyau, a sauke taswira a waya don ta yi aiki ko babu rezo. Wannan ya biya mafi yawan buƙatar.

Za a ce muna son kashe wa matasa sana'a. Akasin haka muke so. Motoci sai ƙara zama kwamfuta suke, kuma yaron da ya iya karanta zanen wayoyi, ya iya mita, ya iya dalma, ba zai rasa abinci ba har tsufansa. Wanda ya tsaya a almakashi da salatif shi ne sana'ar za ta bari a baya.

Za a ce kayan Sin ne ba su da kyau. Sin na ƙera na ƙwarai, tana ƙera na banza, kowa da kuɗinsa. Wanda ya je sari shi ke zaɓen ajin da zai kawo mana, kuma yana kawo na banza ne don ya san inci kawai muke tambaya. Ranar da munka fara tambayar zafi da garanti, kwantena za ta canza kaya.

Ba mu kuma ce duk abin banza ba ne. Kyamarar baya tana ceton yaran da ke wasa a lungunanmu, shi ya sa Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun 2018. Taswira na taimakon baƙon hanya. Amsa kira ba tare da riƙe waya ba ya fi riƙe ta, duk da shi ma yana raba hankali. A sayi abu don aikinsa.

Ga ƙannenmu ɗalibai na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da makarantar fasaha ta Dan Kassawa masu sha'awar haɗa tasu kwamfutar mota da Raspberry Pi ko makamancinta, muna ƙarfafa muku gwiwa, da sharaɗi. Pi 4 volt 5 take so da amfa 3, don haka ku fara da na'urar rage wuta mai jure tsallen dinamo kafin ku yi tunanin allo. Tana rage gudu da kanta in zafinta ya kai wajen digiri 80, don haka ku nemi gida na alminiyam ku ɓoye ta daga rana. Katin ajiyarta na lalacewa in wuta ta yanke tana cikin rubutu, don haka ku yi dabarar da za ta kashe kanta a hankali bayan an zare makulli. Ku guji faifan ajiya mai juyawa, ramukan hanyarmu ba za su bar shi ba. Wanda ya warware waɗannan a zafin Maradi, abin da ya haɗa zai yi aiki ko'ina a Sahel, kuma mu ne farkon masu saye.

KIRANMU

Ga mai mota: ka tsaya a kan motarka lokacin aiki. Ka ga fizibil da idonka, ka hana yanke waya, ka sa a auna wutar da ake ja bayan an kashe inji, ka karɓi tsohon rediyonka ka adana, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Ga iyayen gidanmu masu gareji: yaron da bai iya mita ba kada a ba shi motar mutane shi kaɗai. A daina cire kan batir inji na aiki.

Ga Alhazanmu masu shigo da kaya: Maradi da amana ta yi suna a kasuwanci tun kakanni. Ku rubuta gaskiyar abin da ke cikin kwali, ku ware na ƙwarai da na araha, mai saye ya zaɓa da saninsa.

Ga ƙungiyoyin direbobi da shugabannin tasha: ku sa doka a tsakaninku, ba bidiyo a gaban direba mota na tafiya. Ba sai kun jira jandarma ba. Ga hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER da cibiyoyin koyon sana'a kuma, wutar mota ta zamani ta cancanci a ba ta gurbi a wayar da kai da horaswa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku tura wanga saƙo ga direban gidanku da mai gyaran wutar motarku, su ma su faɗi nasu, muna saurare.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya. Amin.